Na Iya Inji, Ba a Gwada Ni Ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Daga Basirka nake, don Allah a sakaya sunana.

Ko Inna ba ta san na je Birnin Kudu neman aiki a sabon kamfanin casar shinkafa ba. Tun da Baba ya makance ni nake kunna injin niƙansa, har injin ya mutu. Da kunne nake gane bel ya saki.

Mai ɗaukar ma'aikatan bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "'Yata, inji zai ja hijabinki. Turo yayanki." Ba ni da yaya. Kunya ta hana ni magana.

Masu sauraro, akwai inda ake gwada mutum kafin a sallame shi? Ni dai na haƙura. Ranar kasuwa zan sayar da sifanar Baba ta gyaran inji, mu sayi dawa.