Kafofin Iskar da Na Toshe

Mai gabatarwa, ina gaishe ka tare da masu sauraro. Sunana Bawa, birkila ne ni a Zuru.

Bara aka ɗauke mu gyaran ɗakin taron wata kwaleji, ginin dutse tun zamanin Turawa. Dab da rufi akwai ƙananan kafofi a jere. Ɗan kwangila ya ce ta nan jemagu ke shiga, mu toshe. Wani tsohon malami ya tsaya gindin tsanina ya ce, "Ɗana, ta nan ginin ke shan iska." Na ce, "Baba, yanzu akwai fanka." Na cike su da siminti, muka shafa fenti.

Da bazara ta zo, ba wuta, ba iska. Ana cikin jarrabawa aka fito da wata ɗaliba a sume. 'Yata ce. Ta farfaɗo, amma yanzu ɗakin a kulle yake, gindin mangwaro ake karatu.

Magina masu saurare, ku ba ni shawara: yaya ake cire siminti ba tare da an tsaga tsohon dutse ba? Nemo kafofin ba wuya, da hannuna na toshe su.