Allurar Tsohon Majo

A bencin jira na asibitin Filinge, tsohuwa Tambara ta ga an jefa allura cikin kwali, ta taɓa baƙon da ke gefenta.

"Malam, ka gani? Mutum guda suka soka, suka yar. In ba wani abu cikinta, mi suke tsoro? Zamanin tsohon majo, babban malamin asibitin nan, allura guda yake tafasawa, ta wadaci ƙasar Kurfai duka."

"Na san ta, Inna." Ya ɗage wando, ya nuna shanyayyiyar ƙafa. "Ita ta bar mini wannan tun ina yaro."

Tambara ta daɗe tana duban ƙafar, sannan ta matsa gefe.

"Masu asibitin suka aje ka nan kana nuna ma mutane, ko?"