Mai Ƙibar Muka Bari a Gida

Salamu alaikum malam mai karanta wasiƙunmu. Ni ne Alzuma maɗinki, daga bakin kasuwar Gaya. Raina a ɓace yake.

Ina da tagwaye, Hasan da Usaina. Hasan ƙato ne tun yana goye, Usaina kuwa kamar tsinke. Da kogi ya cika bana suka yi ta wanka, ciwon kunne ya kama su duka. Muka ruga da Usaina gidan likita don tana ba mu tausayi. Hasan kuwa innata ta ce, "Wannan buhun shinkafar me zai same shi? Bar mini shi." Ta ɗura masa man shanu ta baki, ta ɗiga masa ta kunne, maƙwabta suna ta tubarkalla.

Usaina ta warke cikin mako. Hasan wata uku kunnensa yana zubar da mugunya. Da na kai shi gidan likita, lokotoro mai duba marasa lafiya ya daka mini tsawa: "Sai yanzu? Kitse ba ƙarfi ba ne! Jiki mai nauyi haka ya fi shan wuyar korar ciwo."

To ina masu tubarkallar? Ko ɗaya bai leƙo ba. Ina fushi da su, amma na fi fushi da kaina, don ni ne uba kuma na yi shiru.

Jama'a, ku daina auna lafiyar yaro da kumatu. Malam, ka gaishe mini da Hasan, zan zaunar da shi gaban rediyo. Ka ɗaga murya, don kunnensa na hagu ya riga ya tafi.