Zuciya a Cikin Gilashi

A bencin tashar mota, wata malamar makaranta na hira da wani dattijo da suka haɗu a wurin.

"Wata uku na yi ina koyon injin nan, Baba, mai narka roba yana jera ta layi-layi har ta zama abu. Sau biyar yana yi min kwaɓa. A na shida ya fitar min da zuciyar mutum, har da jijiyoyinta."

"To, ai sai barka."

"Barkan me? Don ɗalibata makauniya na yi ta, ta shafa ta gane abin da sauran ke gani a allo. Shugaban makarantarmu na ganinta ya ɗauke, ya kulle a kabad ɗin gilashi saboda baƙi. Wai in kawo yarinyar gaban gilashin in yi mata bayani."

"Ki yi masa uzuri, 'yata. Hannun yara ɓarna gare shi. Mu namu injin shekararsa biyu, ko ƙwarzane babu."

"Me kuka yi da shi?"

Dattijon ya gyara hularsa.

"Yana cikin kwalinsa. Mabuɗin ɗakin ma yana wajena."

"Ashe kuna da yawa," ta ce, ta ja jakarta zuwa ƙarshen benci.