Manja da Madara Suka Ɗura wa Ƙanena

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Sunana Hajara, ina tuyar masa a Dutse Alhaji.

Ranar yawon Sallah da la'asar, ƙanena Sadiku ya je fati da abokansa. Aka jefa ƙwaya a lemo, ya sha, ya faɗi yana karkarwa. Don tsoron 'yan sanda, yaran nan suka kulle shi a ɗaki suna ɗura masa manja da madara, wai zai amayar. Da suka kai shi asibiti daga baya, likita ta yi ta roƙonsu: "Me ya sha? Ku faɗa mini, ni ba 'yar sanda ba ce." Duk suka ɓoye mata gaskiya. Sadiku bai farfaɗo ba.

Jama'a, manja ba ya maganin ƙwaya. Ku garzaya asibiti, ku faɗa wa likita gaskiya.

Gaisuwata ga abokansa. Tun rasuwar, kuna hango tandata sai ku sauya hanya. Na yafe muku, ku dawo. Har yau ina ware masarsa kowace safiya, amma ba mai ce mini, "Yaya, ƙara yaji."