Dara a Bakin Motar Tenhiya

A tashar Tanut, ranar kasuwa, wani makiyayi mai suna Attahir yana jiran motar Tenhiya, wadda in ta tashi sai wani mako. Sai ga wani dattijo da bai sani ba ya tsuguna gabansa, yana tona gurabun dara a rairayi.

"Ɗana, kana taɓawa, ko korar raƙuma kaɗai ka iya?"

"Ni? Baba, a bakin rijiyarmu ba mai zama gabana. Ba ni tsinke, kai ka riƙe kashin raƙumi."

"Madalla. Daɗin dara ke nan, a yi yaƙi ba jini."

"Yaƙi kuwa! Ga uku na jera, kawo ɗanka ɗaya."

"Kai, ka iya! Amma ka ji ɗan kamasho na kira, wai wuri ɗaya ya rage."

"Ya yi ta kira. Wanda ya tashi a tsakiyar dara an cinye shi. So kake a ce na gudu a Tanut?"

"Aibinta ke nan, ba ta sakin mutum."

Dattijon nan, kowane taku sai ya sosa gemu, ya yi tari, ya sake tunani. Da ƙyar Attahir ya ƙarasa shi, ya miƙe yana kaɗe riga.

"Na cinye! Ina motar?"

"Ta tashi tun ɗazu, ɗana."

"Innalillahi! Kai ma ta bar ka?"

"Ni ina za ni? Tsohuwata Hajjo ce mai tafiya, ta tsaya sayen gishiri. Da ta iso ta shige wurinka. Zauna mu sake, yanzu zan yi da gaske."