Ɓangaren Hagu na Bencin Tata Mlandu

Shugabar wannan taro, Mama Nobantu Qupe. Limaman coci da malaman makarantu. Makaɗa manya da ƙanana. Jama'ar unguwar Langa, maza da mata, ina gaishe ku. Na gode da kuka ba tsohuwar mawaƙiya irina dama ta yi magana a kan malaminmu, Tata, wato Baba, Zwelinzima Mlandu. Abu uku zan faɗa.

Na farko, kun san kiɗansa. Ya ɗauko waƙoƙin cocin kakanninmu ya shigar da su cikin kiɗan jaz, ya kai su birnin Jozi, ya kai su ƙetare, ya dawo da su ba su manta hanyar gida ba.

Na biyu, koyarwarsa, wadda ta daɗe tana ɗaure mini kai. Benci ɗaya yake zama da ɗalibi a gaban fiyano. Ɗalibi na dama, inda sauti ke da zaƙi, shi kuma na hagu, inda sauti ke da kauri. Ɗalibai sun zo, ɗalibai sun tafi, wasu sun yi suna, amma hagun nan bai taɓa sakar wa kowa ba. Rowa ce? Tsoro ne? Wata rana na kasa haƙuri na tambaye shi. Ya ce, "Sisi, 'yar'uwa, ke da tambaya kamar 'yar sanda. Yaro na dama zai iya ɓata, in ina hagu zai ji ni ya dawo. Ni in na ɓata, wa zan ji?"

Na uku shi ne abin da ya tara mu. Bara ciwo ya shanye masa hannun hagu, ya rufe fiyano ya ce ya gama. Raina ya ɓaci, don hannun damansa lafiya lau yake, taurin kai ne kawai bai warke ba.

Tata, na zo maka da amsar tambayarka. Ga Lulama Sityebi, ɗalibarka, wadda ta yi shekaru tana satar kallon yatsunka. Ta zauna a hagu, ta bar maka dama, wurin yara. Je ka ɓata, Tata. Za ka ji ta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ƙarfafa hannun Lulama, ya mai da kowa gida lafiya. Jama'a, ku buɗe masa hanya, ga shi ya miƙe.

Na gode.